Kwakwa a Tukunyar Amarya

Tun da na dawo daga Zanzibar ban huta da tambaya ba. A ofis kafin in ajiye jaka an kewaye ni. A unguwa kuwa, har wadda rabona da ita tun sunan autata ta zo yi mini sannu da zuwa, don dai ta ji ko gaskiya ne mutanen can kwakwa suke zubawa a miya. Gaskiya ne. Na gani, na ci, na kuma tsaya a kan tukunyarta a nan Malali. To tunda bakina ya gaji da maimaici, ga labarin a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni in sha ruwa.

Aure ne ya kai ni. Mukhtar, ɗan yayana Alhaji na Badarawa, ya je karatu Uganda, ya dawo da digiri da kuma maganar wata 'yar ajinsu, Zuhura, mutuniyar Zanzibar. Uban ya yi bincikensa, ya ce yarinya Musulma ce 'yar mutunci, shi ba shi da ta cewa. Uwar, Hajiya Binta, ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce to ba. Mukhtar ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "yaron nan", saboda haka duk abin da ke ranta sai ta lulluɓe shi da kunya. Amma ni na san matar yayana, tun ina firamare aka kawo ta gidanmu. Ranar da ake haɗa lefe, tana ninke atamfa ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Asabe, yarinyar da ba ta jin maganata, ba ta san tuwo ba, me za ta ba shi? Ni kuma me zan ce mata?" Daga nan na san ɗauko amaryar mai sauƙi ne, zaunar da ita a wurin Hajiya shi ne jan aiki.

Mu uku muka tafi. Ni, saboda ni ce gwaggon ango kuma ni ce mai Turanci da bakin magana. Ƙanena Isa, shi ne wakilin ango. Sai Yaya Mairo, 'yar wan babanmu da ke aure a Katsina, wadda aka saka a tafiyar don ita ce babba, ba don tana so ba. Angon ya riga mu yin gaba.

A tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, kan hanyarmu ta Abuja, muka fara ba da kallo. Saitin akwatunan lefe ruwan toka, kowanne da kwado, ga namu kayan, ga buhun Yaya Mairo da ta ƙi gaya wa kowa abin da ke ciki. Wani dattijo a layi ya dube mu ya ce, "Hajiya, tashi kuka yi daga Kaduna gaba ɗaya?" Na ce masa amarya za mu ɗauko a bakin teku. Ya ce to Allah ya sa tekun ya isa a wanke kayan nan. Daga Abuja muka hau jirgin sama, muka yada zango a Habasha, inda Isa ya sayi wani gahawa mai ɗaci ya shanye don kada a ce bai waye ba, sannan muka sauka a Darussalam.

Nan ne aka buɗe mu. An duba fasfo da katin rigakafin shawara lafiya ƙalau, sai wata jami'ar kwastan, gajeriya mai faɗin fuska, ta ce a zuge akwatuna. Ta ɗaga atamfa, ta ɗaga leshi, ta jera takalma a kan tebur, ta dube ni ta ce, "Shagonki a ina yake?" Na ce babu shago, kayan aure ne. Ta ce na mata nawa? Na ce mace ɗaya. Na ɗauko takalman na nuna mata duk lambarsu ɗaya, na ce wane ɗan kasuwa ne zai yi sari haka? Ta sake duban kayan ta ce, "Angon nan yana da ƙane?" Na ce yana da su, amma sai ta iya tuƙa tuwo. Muka yi dariya, har ta fara mayar da kaya, sai idonta ya faɗa kan buhun Yaya Mairo. Kuka ce a ciki, da daddawa, da yaji, da kuɓewa busasshiya. Tana kwance ƙullin daddawar ta ja da baya, wanda ke tebur na kusa ma ya waiwayo. Yaya Mairo ko a jikinta. "Ki gaya mata ni ba ni tahiya ƙasar da ban san mi suke ci ba hannu rabbana." Ban fassara duka ba. Na ce maganin tsufa ne, aka ɗaure aka ba mu.

Zanzibar tsibiri ne, sai an shiga jirgin ruwa. Babban ruwan da Yaya Mairo ta sani shi ne kogin Kaduna, shi ma daga kan gada. Da ta ga ma'aikatan jirgin suna raba baƙaƙen ledoji ta ɗauka na tsaraba ne, ta karɓi biyu. Ba a jima ba ta gane amfaninsu, ta kuma yi amfani da su duka, har da tawa. Tsakanin wannan da wancan tana ta salati tana yafe wa mutane, har da wata maƙwabciyarta da suka yi shekaru ba sa magana. Ni kam ban ji komai ba, na zauna ta taga ina cin gyaɗa.

Mukhtar ne ya tare mu da 'yan'uwan amarya. Masaukinmu gidan innarta ne a tsohon gari, inda lunguna suka matse har mota ba ta shiga, sai a kura aka tura akwatunan, mu muna biye kamar masu rakiyar gara. Gadon da aka ba mu na katako ne mai sassaƙa, tsayinsa sai an taka 'yar kujera ake hawa. Yaya Mairo ta dube shi ta ce ita ta gama hawa abubuwa a wannan tafiya, ta shimfiɗa zane a ƙasa.

Mutane ne masu ladabi, sai dai nasu daban. Mu yaro durƙusawa yake, su kuwa hannun babba ake kamawa a sumbata. Da na ga Mukhtar, wanda sai an yi da gaske yake rusunawa a gida, ya kama hannun surukarsa ya kai baki, na ce a raina lallai so makaranta ne. Lefe ma suna da shi, amma akwati ɗaya ne. Da muka jere namu a tsakar gida matan suka ɗauki guɗa da waƙa, ba wadda ta ɗaga zane ta duba bakinsa, ba wadda ta tambayi ina sarƙa. Yaya Mairo da ta zo da shirin kare kowane ɗankwali sai ta rasa abokin faɗa. An ɗaura aure a masallaci, aka raba gahawa da wata alewa mai danƙo da ƙamshin kanumfari, shi ke nan, ba maroƙi ko ɗaya.

Abinci kuwa, komai da kwakwa. Shinkafa da kwakwa, wake da kwakwa, kifi, ganyen rogo, har da wani abu kamar fanke. Mu a nan kwakwa abin taunawa ce, a saya a baro a haɗa da dabino da aya, iyakarta ke nan in ba a kunun aya ba. Akwai ranar da aka kawo wata halittar ruwa mai ƙafafu da yawa, Yaya Mairo ta tashi ta kaɗa kukarta. Ni kuwa an ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi tsumma ka ɗaura. Na ci komai, kuma ban yi nadama ba sai a kan mai ƙafafun.

Uwar amarya, Bi Asha, mace ce siririya mai ƙarancin magana, malamar makaranta da ta yi ritaya. Turancinta kaɗan ne, Larabcina na Islamiyya ne, sai Zuhura ke tsaya mana a tsakani. Ana jibi za mu taho ta ce za ta yi mana girkin da ake yi wa baƙo mai daraja a gidansu, miyar kaza da kwakwa, su suna ce mata kuku wa nazi. Ni ba a girki ina ɗaki, ko a gidan wa. Na ɗaura zane na fito.

Suna da wata 'yar kujera mai baki na ƙarfe da haƙora. A kanta ake zama a kankare kwakwar, tana zuba lallausa a kwano. Bi Asha ta zuba ruwan ɗumi kaɗan ta matse, madara mai kauri ta fito, ta juye a kofi ta ajiye a gefe. Ta sake zuba ruwa ta matse, wannan karon tsararo, ta tara a roba. Muna can wajen kazar sai Yaya Mairo ta fito, ta ga kofi cike da farin abu an rufe da faranti a inuwa. Ta ɗanɗana, ta nemo sukari ta zuba, ta shanye tas. Ta same mu tana lasar baki ta ce, "Yau dai sun yi abin kirki. Kunun ayarsu babu laihi, sai dai ba su sa dabino."

Zuhura ta dafe kai. Bi Asha ta duba kofin, ta dubi Yaya Mairo, sai ta fashe da dariya har da zama a ƙasa, karo na farko da na ga haƙoranta. Ashe ran miyar gaba ɗaya aka shanye. Aka sake fasa wasu kwakwar, kuma a dalilin haka na ga aikin sau biyu, ya zauna mini daram.

Ni ma na yi tawa. Da na ga an yayyanka kaza an wanke, na ce a ba ni tukunya in tafasa, a kuma ɗora mai. Bi Asha ta tambayi na mene ne man. Na ce na suya mana. Ta yi magana, Zuhura ta fassara tana ƙunshe dariya: "Wai an yanka ta, an dafa ta, kuma a soya ta? Me ta yi muku?" Na ce mu kazar da ba ta ji mai ba ai marar lafiya ake ba. Ta ce to yau in zama marar lafiya.

Ga yadda ta yi. Ta daka tafarnuwa da ɗanyar citta da kurkur da girfa da kanumfari da wani ɗan ƙwanso kore mai ƙamshi irin na shayin Larabawa, ta cuɗe kazar da su da lemon tsami, ta bar ta ta sha. Ta soya albasa a mai ɗan kaɗan har ta yi ja, ta zuba tumatir, ta zuba kazar ɗanya ta juya, sannan ta kwarara tsararon madarar ta bar su su dahu tare. Sai da naman ya yi laushi ta janye gawayi, wuta ta koma kamar ba ta so, ta ɗauko mai kaurin. Ta miƙa mini ludayi ta ce in yi ta juyawa, kada in tsaya, kada in rufe, kada in bari ta tafasa da ƙarfi, in ba haka ba za ta tsinke, mai ya hau sama ruwa ya koma ƙasa. Na juya har miyar ta haɗe, ruwan ɗorawa, tana sheƙi. Da na kai loma ta farko da shinkafa sai na yi shiru, kuma waɗanda suka san ni sun san ba ƙaramin abu ke sa ni shiru ba. Ko Yaya Mairo ta ce in da an ƙara attarugu da ta ce abinci ne.

Ranar tafiya Bi Asha ta ja ni ɗaki, mu biyu da Zuhura. Ta tambaye ni kai tsaye me ya sa uwar ango ba ta zo ba, ba ta kuma taɓa kiranta a waya ba. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari, na ƙawata shi iyakar iyawata. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ni ma uwa ce." Ta kama hannun 'yarta ta saka a nawa, ta ce ba ta da kowa a can sai ni. Ita Zuhurar ce ta fassara wannan maganar da bakinta. Wallahi tausayinsu ya kama ni, na kuma ji nauyin amanar. Na ce ta kwantar da hankalinta, ni Asabe ban taɓa ɗaukar kaya na ajiye a hanya ba.

A filin jirgi aka yi mana ta'asa. Bi Asha ta ba 'yarta kujerar kankare kwakwarta, ita kuma don kada ta karye ta riƙe ta a jakar hannu. Masu bincike suka ga ƙarfe mai haƙora suka ce ba za ta shiga jirgi ba, manyan kayanmu kuwa sun riga sun wuce. Na yi Turanci, na yi roƙo, na yi faɗa, a banza. Yarinyar da ta daure wajen rabuwa da uwarta, a kan kujerar nan ta yi kuka har Habasha.

Mun iso Kaduna, aka kai amarya gaida iyaye a Badarawa. Na koya mata durƙuso da "ina wuni" tun a jirgi, ta kuma yi su daidai. Alhaji ya yi ta sa albarka. Hajiya ta amsa da "lafiya", ta sa aka ba ta turmin atamfa, ta tashi wai za ta duba wanki. Daga ranar ba ta aiko ba, ba ta tambaya ba. Zuhura ba yarinya ba ce, ta gane. Na je gidansu a Malali, layi biyu ne tsakaninmu, na same ta ta tasa tukunya a gaba, ta kalli bidiyo a waya ta tuƙa tuwon shinkafa. Rabi gudaji, rabi kunu. Ta ce, "Gwaggo, in na iya wannan, Mama za ta so ni?"

Ga shi ranar kama girkinta ta matso, ranar da amarya ke dafa abincin farko a kai wa dangin miji, kowa ya ɗanɗana hannunta. Yaya Mairo, da ba ta koma Katsina ba tukuna, ta kawo shawarar da kowa ya sani. "Ke Asabe ki tuƙa tuwo ki yi miyar taushe, a zuba a kulolin ɗiyar nan a kai. Haka aka yi ma kowa, rufin asiri ne." Na ce Yaya, Hajiya ta fi shekara talatin tana cin miyata, da lasa ɗaya za ta gane ni, sai a ce baƙuwa ba ta iya girki ba kuma ta iya ƙarya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da uwarta ta koya mata shi za ta dafa. Zuhura ta zaro ido ta ce in Mama ta ƙi ci fa? Na ce to ta ƙi abu mai kyau, wannan kuma tsakaninta da cikinta. A baki na faɗa da ƙarfi, amma ni ma ban san yadda za ta kaya ba.

Da sassafe na shiga kasuwa. Kwakwarmu daga kudu take zuwa, ta sha hanya, sai an zaɓa. Na yi ta ɗagawa ina girgizawa a kunne yadda na ga Bi Asha na yi, wadda ba ta da ruwa in ajiye, har mai kwakwar ya ce, "Hajiya, saya za ki yi ko gaisawa kuke?" Kayan ƙamshi duk akwai su wurin masu kayan shayi. Kaji kuwa Alhaji ya aiko da su.

Muka fasa, muka ɓanɓare, tuli guda. Babu kujerar kankara, bilenda kuma ga ta amma babu wuta. Ina can bayan gida wajen gyaran kaji da Zuhura, Yaya Mairo ta ga aiki ya tsaya, ta yi abin da kowace 'yar Hausa za ta yi: ta juye kwakwar a bokiti ta yafa mayafi ta kai inji. Ta dawo tana taƙama. Na buɗe bokitin na ga niƙa ya yi laushi, amma launinsa kamar an wanke jan zane a ciki. Ashe kayan miyar wani gidan suna mai injin ya gama niƙawa, attarugu zalla, ya ɗauraye sama-sama ya zuba mana. Zuhura ta tace kaɗan ta kai baki, ta hau tari, hawaye na zuba, na yaji da na baƙin ciki. Ta ce shi ke nan, ta lalace.

Na karɓa na ɗanɗana. Na sake ɗanɗanawa. Yajin ya fito, amma garɗin kwakwar na nan a bayansa. Na ce ke tsaya, mutanen da za ki ciyar ɗin nan da yaji aka yaye su. Wannan ita ce tsararon madararmu, a ciki kaza za ta dahu, an ma rage mana aikin jajjage. Mai kaurin ce ba za mu yi wasa da ita ba. Sauran kwakwar da ba a fasa ba na fito da su, na leƙa maƙwabta na ce duk mai abin goga kuɓewa ta fito da shi. Kafin ka ce kwabo mata sun cika tsakar gidan amarya, kowa da magogi a cinya, ana gurzawa ana yanke yatsu ana tsiya. Wata ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin an yi wa kwakwa gayya ba. Hannu da yawa dai maganin ƙazamar miya, kafin azahar mun cika kofi da madara fara sol, na kuma ajiye ta inda Yaya Mairo ba za ta gani ba.

Daga nan na koma gefe. Zuhura ta ɗaure ɗankwali ta kama tukunyarta, sai ga wata yarinya daban, ba mai kukan tuwo ba. Ba ta auna komai, hannunta ya sani. Ni da nake ganin na iya, har tsawa ta yi mini da na kai hannu zan rufe tukunya: "Gwaggo, a'a!" Na ce Allah ya ba ki haƙuri. Ta rage wuta, ta zuba mai kaurin, ta yi ta juyawa a hankali bakinta na motsi. Miyar ta haɗe, ta ɗan fi ta uwarta ja, ƙamshi ya tsallaka katanga har wani mai wucewa ya yi sallama ya tambaya ko lafiya.

Ni na kai abincin Badarawa. Falon Hajiya cike da dangi, an zo ganin ƙwaƙwaf. Na buɗe babbar kula, aka leƙo. Wata ta ce miyar ba ta ga manja ba. Wata ta ce kazar ba a soya ba. Hajiya tana kan kujerarta da carbi, ta ce, "Me aka sa a ciki?"

Na ce, "Kwakwa."

"Kwakwa a miya."

"Ƙwarai. Ita ta dafa da hannunta, irin na gidansu."

Na miƙa mata 'yar ƙaramar kula da Zuhura ta zuba mata daban, ta nuna ƙofar ɗakinta da haɓa, aka kai ciki. Sauran suka zuba, da farko a ɗan gefen faranti kamar magani. Falo ya yi tsit sai ƙarar cokali. Mai maganar manja ce ta fara ƙari, mai maganar suya ta tambayi ko akwai saura a gida. Alhaji ya aiko daga ɗakinsa wai a gaya wa amarya Allah ya yi albarka. Duk na ji daɗi, amma ba su na zo ji ba. Hajiya ko kallon faranti ba ta yi ba. Da aka kira la'asar ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba.

Mutane suka watse, na tattara kuloli ina tunanin abin da zan gaya wa yarinyar da na san tana bakin taga tana jirana. Na yi sallama ɗakin Hajiya in ɗauki ƙaramar. Tana kan sallaya, kular na gefenta a rufe. Na sunkuya na ɗaga, na ji ta sakayau, babu komai a ciki.

Ta ce, "Ajiye."

Na ajiye.

"Mai ita ta zo ta ɗauka da kanta. Gobe, da hantsi. Akwai kaji a bayan gida, ki ce ta zo da kayan ƙamshinta." Ta ja carbi, ta ƙara da cewa, "Yajin ya ɗan yi yawa. Wannan na san ba hannunta ba ne, naku ne."

Hajiya Binta, da ko 'ya'yan cikinta ba sa taɓa mata tukunya. Na danne murnata na ce to Yaya, in Allah ya kai mu zan kawo ta da wuri, in tsaya in yi muku tafinta.

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko a ranar.

"Wa ya ce ki zo? Ke kin cika surutu, Asabe. Ita kaɗai."